Daga Kwalta Zuwa Ɗakin Tiyata: Tarihin Fenol da Gishirinsa

Kalmar kwalta da muke kiran baƙin titi da ita aro ce daga bakin Turawan Ingila, kuma asalin ma'anarta shi ne baƙin danƙon da ke tsiyaya daga kwal idan an gasa shi. Yawancin titunanmu na yau da ragowar ɗanyen mai ake shimfiɗa su, sunan ne kawai ya zauna. To, mai karatu, daga waccan kwalta ta asali, mai kauri da wari, aka ciro sinadarin da ya fara hana raunin tiyata ruɓewa. Jikokinsa ne ke cikin kwalbar Izal da ke bayan ƙofar banɗakinka, da ta Dettol da ake ɗiga wa ruwan wankan maijego. Sunansa fenol, likitocin dā kuma suna kiransa asid ɗin kabolik. Tun da gidaje ƙalilan ne ba su da ɗaya daga cikin waɗannan kwalabe, ya dace ka san abin da ke ciki, da yadda yake kashe ƙwayoyin cuta, da dalilin da ya sa asibitoci suka rage dogara da shi.

A farkon ƙarni na 19 biranen Turai suka fara kunna fitilun titi da iskar gas da ake samu ta hanyar gasa kwal. Kwalta ita ce shara da ke saura, masana'antu ba su san inda za su kai ta ba. A shekarar 1834 wani Bajamushe masanin sinadarai, Friedlieb Ferdinand Runge, ya tace ta ya fitar da wani abu mai ɗan halin asid, ya raɗa masa suna da ke nufin asid ɗin man kwal, daga nan aka samu kabolik. A 1841 Auguste Laurent na Faransa ya fitar da shi tsantsa. Sunan fenol kuwa ya samo tushe daga kalmar Girkanci mai nufin haskawa, saboda danginsa daga gas ɗin fitila suka fito. Tsantsarsa ƙanƙara ce fara kamar allurai, tana komawa ruwan hoda idan ta sha iska da haske, kuma tana narkewa a zafin digiri 41 ko ƙasa kaɗan. Wato idan ka ajiye ta a ɗakin kwano a Sakkwato cikin watan Afrilu, ruwa za ka tarar.

Masu kula da tsabtar gari ne suka fara amfana da shi, kuma wari suke yaƙi da shi. A zamanin mutane sun gaskata cewa gurɓatacciyar iska ce ke kawo cuta, saboda haka duk abin da ya kashe ɗoyi sai a ɗauka ya kashe cuta. A garin Kalayil da ke arewacin Ingila aka riƙa zuba kabolik a ruwan najasa kafin a malala shi a filayen kiwo. Warin ya ragu, aka kuma lura shanun da ke kiwo a wurin sun daina kamuwa da wata cuta da ta saba damunsu. A Faransa wani mai harhaɗa magunguna a garin Bayon, Le Beuf, ya gano hanyar gauraya kwalta da ruwa ta amfani da wani sinadari mai kumfa, likita Jules Lemaire kuma ya rubuta littafi a kan kabolik a 1863. Sun riga kowa, amma duniyar likitoci ba ta saurare su sosai ba.

Wanda aka saurara, shi ma bayan doguwar gardama, shi ne Joseph Lister, farfesan fiɗa a birnin Gilasgo na Sikotilan. Ka san halin da ya tarar. Tun 1846 aka samu maganin sa barci, saboda haka likitoci suka ƙara yawan aikin da suke yi, sai dai marar lafiya ya tsira daga zafin wuƙa ya faɗa hannun ruɓewar rauni. Likita yakan shiga ɗakin tiyata da rigar da jini ya bushe a kanta, ya taɓa wannan miki ya koma kan wancan ba tare da wanke hannu ba. Mugunya ma ana yi mata kallon alamar warkewa. Karayar da ƙashi bai fasa fata ba takan ɗoru lafiya, amma da zarar ƙashi ya leƙo waje, sai a yi shirin yanke ƙafa, kuma ko an yanke ba a da tabbacin rai. Wannan bambanci ya daɗe yana damun Lister. Sai abokin aikinsa Thomas Anderson, farfesan kimiyyar sinadarai, ya nuna masa rubuce-rubucen Louis Pasteur, inda aka tabbatar cewa wasu halittu ƙanana da ido ba ya gani su ne ke sa abu ya yi tsami ko ya ruɓe. Pasteur yana kashe su da tafasawa ko ya raba su da ruwa ta hanyar tacewa. Ba a tafasa ƙafar mutum, don haka Lister ya nemi sinadari, ya kuma tuna labarin najasar Kalayil.

Ranar 12 ga Agusta, 1865, aka kawo masa yaro ɗan shekara 11, James Greenlees, wanda ƙafar amalanke ta bi ta kan ƙwabrinsa na hagu, ƙashi ya karye, fata ta fashe. Lister ya jiƙa ƙyalle da kabolik ya rufe raunin, ya ɗaure ƙafar da katako. Bayan kwana huɗu yaron ya yi kukan zafi, aka buɗe. Babu mugunya, babu wari. Abin da ke masa zafi shi ne fatar da ke kewaye da raunin, wadda maganin ya ƙona. Lister ya sirka maganin ya ci gaba, bayan mako shida yaron ya fita asibiti da ƙafafunsa biyu. A 1867 ya buga labarin mutum 11 masu irin wannan karaya a mujallar Lancet: tara sun warke da gaɓoɓinsu, an yanke wa ɗaya, ɗaya ya rasu saboda zubar jini. A 1870 ya kawo lissafin waɗanda ya yanke wa gaɓa. Kafin kabolik, 16 cikin 35 suka mutu. Bayan kabolik, 6 cikin 40.

Ka riƙe wannan ƙunar da ke fatar yaron a zuciyarka, domin tun daga majinyaci na farko da ya warke, fenol ya nuna fuskokinsa biyu. Yana kashe ƙwayar cuta ne ta hanyar ratsa fatar da ta lulluɓe ta, wadda kitse ce, ya huda ta, kayan cikinta su tsiyaye, sannan ya daskarar da furotin ɗinta kamar yadda wuta ke daskarar da farin ƙwai. Namanmu ma da kitse da furotin aka gina shi, kuma abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Abin da ya ƙara muni shi ne fenol yana kashe jijiyar jin zafi a inda ya taɓa. Idan mai ƙarfi ya zuba a fata sai wurin ya yi fari ya mutu, mutum bai ji komai ba, alhali maganin yana ci gaba da ratsawa zuwa jini. A ƙarshen ƙarni na 19 mujallun likitoci sun cika da labaran mutanen da suka yanke a yatsa, suka naɗe shi da tsumma jiƙaƙƙe da kabolik mai sirki suka kwanta, da safe yatsan ya yi baƙi sai yankewa. Wasu majinyata fitsarinsu yakan koma kore mai duhu, alamar jiki ya sha maganin da yawa kuma ƙoda tana wahala.

Su kansu ma'aikata ba su tsira ba. Daga 1871 Lister ya ƙara da wata na'ura mai fesa kabolik a iskar ɗakin tiyata, har da ita ya yi wa Sarauniya Biktoriya aikin maruru a hammata a wannan shekarar. Likitoci suka riƙa aiki cikin hazo mai yaji, hannuwa a tsattsage, ana tari. A asibitin Johns Hopkins na Amurka, wajen 1890, hannun wata ma'aikaciyar jinya, Caroline Hampton, ya lalace saboda magungunan wanke hannu, sai likitan fiɗa William Halsted ya sa kamfanin Goodyear ya yi mata safar hannu ta roba. Safar da kake gani a hannun kowane likita yau, don kare hannun ma'aikaci daga magani aka fara yin ta, daga baya aka gane tana kare marar lafiya. A 1890, a taron likitoci na birnin Balin, Lister da kansa ya janye na'urar feshin, domin ta tabbata cewa hannu da kayan aiki ne ke kai ƙwayoyi cikin rauni, ba iska ba. Daga nan ɗakin tiyata ya karkata zuwa turara kayan aiki da tururi mai matsi, wato hana ƙwayar cuta isowa maimakon zuba guba a rauni don kashe ta.

Tun kafin haka, masu harhaɗa magunguna suna fama da wata matsala ta daban. Fenol ba ya son ruwa sosai, giram 8 kacal ke narkewa a mililita 100. 'Yan uwansa da ke cikin kwalta, irin su kiresol, sun fi shi ƙarfi, amma sun fi shi ƙin ruwa. Ta yaya za a sa su a bokiti? Lister ya gwada narka kabolik a mai, har yana kwaɓa shi da alli ya zama kamar ƙulli. Sai Robert Koch na Jamus ya nuna a 1881 cewa kabolik da ke cikin mai kusan ba ya taɓuka komai, saboda ya sami kitsen da yake so, ba ya barinsa ya koma jikin ƙwayar cuta. Hanya ta biyu ita ce a mayar da shi gishiri, kuma a nan sai ka yi mini haƙuri mu ɗan zauna a ajin kimiyya.

A wurin masana sinadarai, gishiri suna ne na duk abin da ke fitowa idan asid ya haɗu da kishiyarsa. Kishiyar asid su ne dangin kanwa da ruwan toka da sodar da ake yin sabulu da ita, waɗanda ake kira alkalin (babu ruwansu da alƙalin kotu, sunan daga kalmar Larabci mai nufin toka ya zo). Gishirin miya ɗaya ne kawai cikin dubban gishirai. Shi fenol, idan ka zana surarsa, zobe ne na zarrar kabon shida, a gefe ɗaya an rataya masa oksijin ɗaya mai riƙe da haidurojin ɗaya. Ana rubuta shi C6H5OH. Wannan haidurojin na ƙarshe shi ne abin lura. Asid shi ne abin da ke sakin haidurojinsa cikin ruwa, kuma idan ya sake shi, yakan bar cajin lantarki a baya. Sifirit ɗin da ake goge fata da shi kafin allura yana da irin wannan oksijin da haidurojin, amma yana riƙe da su ƙam, domin idan ya saki, oksijin ɗaya ne zai ɗauki cajin shi kaɗai. A fenol kuwa zoben yana taya oksijin ɗaukar kayan, cajin ya bazu a kansa, kamar buhun da mutum huɗu suka kama. Shi ya sa fenol ya fi sifirit saurin saki kusan sau miliyan. Duk da haka asid ne mai rauni ƙwarai, binega ma ta fi shi ƙarfin asid fiye da sau dubu ɗari. Idan ka zuba lemun tsami a garin bikabonet da ake sa wa kek za ka ga kumfa, fenol kuwa ba zai tayar da ko ɗaya ba. Daga nan za ka gane cewa ƙunar da yake yi daga daskarar da nama take, ƙarfin asid ɗinsa bai kai ya ƙona komai ba.

Idan aka haɗa shi da soda mai ƙarfi, ita sodar takan fizge haidurojin ɗin, sodiyam ya tsaya a gurbinsa, a samu ruwa da wani farin gari mai suna sodiyam fenolet, C6H5ONa. Wannan shi ne gishirin fenol. Duk inda ka ga suna a jikin kwalba ya ƙare da fenolet ko fenet ko fenoksaid, ma'anar ɗaya ce: wani ɗan gidan fenol ne da ya ba da haidurojinsa ya karɓi sodiyam ko fotasiyam. Gishirin yana narkewa a ruwa cikin sauƙi, warinsa kuma ya ragu. A ƙarni na 19 an sayar da ruwansa a Faransa da Amurka da sunan Phénol Sodique, ana tallarsa don rauni da ƙuna.

Sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba. Cajin da ya sa gishirin ya so ruwa shi ne ya sa ya ƙi kitse, kuma abin da ya ƙi kitse ba ya iya ratsa fatar ƙwayar cuta. An samu narkewa, an rasa yawancin ƙarfin kisa. Abin da ke tsara rabon shi ne ma'aunin pH, wanda ke tashi daga 0 zuwa 14, tsakiyarsa 7, ƙasa asid, sama alkalin. A ruwa mai pH 7, kusan ɗaya cikin dubu na fenol ne kawai ya zama gishiri, sauran suna nan da makaminsu. A pH 10 rabi da rabi ne. A pH 12, kashi 99 cikin ɗari sun zama gishiri. Wannan ne dalilin da ya sa ba na jin daɗi idan na ga an zuba Izal an bi shi da garin omo ko ruwan soda a bokiti ɗaya wai don ya ƙara ƙarfi. Mai haɗa maganin ya riga ya auna sabulu da alkalin ɗin da ke ciki, duk abin da ka ƙara kana iya kwance masa ɗamara ne. Kada kuma ka ɗauka gishirin ya zama marar lahani. Ruwansa alkalin ne mai cin fata, kuma ko asid mafi rauni yana mayar da shi fenol. Iskar kabon da muke fitarwa da numfashi ma ta isa, balle asid ɗin da ke cikin tumbi.

Gishirin ya sami ɗaukakarsa ta wata ƙofa. A 1860 Hermann Kolbe ya gano cewa idan aka gasa sodiyam fenolet tare da iskar kabon, ita iskar takan manne a jikin zoben, a samu asid ɗin salisilik, wanda dā sai daga tsirrai ake samunsa. Cajin da ya bazu a kan zoben shi ne ke jawo iskar, fenol tsurarsa ba ya yin haka. Rudolf Schmitt ya inganta hanyar a 1885 da matsin iska, a 1897 kuma Felix Hoffmann na kamfanin Bayer ya sarrafa salisilik ɗin ya zama abin da aka fitar kasuwa a 1899 da sunan asfirin. Har gobe ta wannan hanyar ake yin sa. Idan likita ya ɗora mahaifinka a kan ƙaramar ƙwayar asfirin saboda zuciya, gishirin fenol ne kakanta.

Mafita ta uku, wadda ta dawwama, ita ce sabulu. Ƙwayar sabulu kai biyu gare ta, ɗaya na son ruwa ɗaya na son mai, saboda haka takan kewaye fenol ta ɗauke shi cikin ruwa ba tare da ta ƙwace haidurojinsa ba. A 1877 John Jeyes ya yi rajistar baƙin ruwansa a Ingila. A 1889 Gustav Raupenstrauch ya fito da Lysol a Jamus, kiresol ne cikin sabulu, aka yi amfani da shi a annobar kwalara ta birnin Hambog a 1892. A 1893 kamfanin Newton Chambers da ke kusa da Shafil, mai harkar kwal da ƙarfe, ya fitar da Izal daga man da ke fita wajen gasa kwal. Sannan masana suka lura cewa idan aka rataya wa zoben kulorin da wasu ƙananan rassa, yakan ƙara ƙarfi a kan wasu ƙwayoyi ya kuma rage cin fata. Daga nan aka samu kuloroksailenol, wanda kamfanin Reckitt ya fitar a farkon shekarun 1930 da sunan Dettol, kashi 4.8 cikin ɗari tare da man itacen fayin da sabulu. Leonard Colebrook ya gwada shi a asibitin haihuwa na Queen Charlotte da ke Landan don yaƙi da zazzaɓin jego. Farin da ruwa ke yi idan ka ɗiga shi, ƙananan ɗigon mai ne da suka fita daga narkewa suka warwatsu, kamar kitsen da ke sa madara fari. Wannan farin yana nuna maka cewa maganin ya gauraya da ruwa, ba ya gaya maka ko ya isa.

Maganar isa kuwa ita ce ta fi shafarka. Da kayayyaki suka yi yawa a kasuwa, kowa na yabon nasa, Samuel Rideal da Ainslie Walker suka ƙirƙiro gwaji a 1903 inda ake auna kowane magani da fenol a kan ƙwayar taifod. Mai lamba 5 yana nufin ana iya sirka shi ninki biyar fiye da fenol ya yi aiki iri ɗaya. 'Yan kasuwa suka yi ta buga manyan lambobi a kwalabe. A 1908 Harriette Chick da Charles Martin na Cibiyar Lister suka ce ai ba a ruwa mai tsabta ake yaƙin ba, suka zuba busasshen bayan gida kashi 3 cikin ɗari a gwajin, sai lambobi da yawa suka faɗo. Datti yana shanye maganin kafin ya kai ga ƙwayar cuta, saboda haka share wuri da wanke shi da sabulu ne ke gaba, maganin ya biyo baya. An kuma gano cewa dangin fenol suna rasa ƙarfi da sirki fiye da yawancin magunguna. Idan ka ninka ruwan da aka ce ka zuba, lokacin da maganin ke bukata kafin ya kashe ƙwayoyin yakan ninku kusan sau 64. Aikin minti biyar ya koma sama da awa biyar, alhali daɓen ya bushe tun tuni. Hancin ɗan Adam kuma yana jin warin fenol ko da ɗigo ne a cikin randa. Wanda ya zuba rabin murfi a babban bokiti yana jin ƙamshin asibiti ya cika gida, hankalinsa ya kwanta, ya koma matsayin mutanen dā da ke auna lafiya da hanci. A asibitoci an sha samun wata ƙwaya mai suna sudomonas tana rayuwa har tana hayayyafa cikin ruwan kuloroksailenol da aka sirka aka ajiye kwanaki. Don haka abin da za a yi amfani da shi yanzu kawai ake sirkawa, a zubar da saura.

Ko an auna daidai, akwai inda ƙarfinsu bai kai ba. Ba sa kashe ƙwayoyin da ke shiga ɓawo su yi kwanton ɓauna, irin na cutar tetanus, kuma suna da rauni a kan wasu ƙwayoyin bairos. Idan akwai mai amai da gudawa a gida, ko jini ya zuba a ƙasa, ruwan bilic mai kulorin ne hukumomin lafiya ke umarni da shi, shi ma shi kaɗai, ba a gauraya shi da komai.

Mafi tsadar darasi a wannan tarihi jarirai ne suka biya shi. A 1967, a wani ƙaramin asibitin haihuwa a birnin Sant Luwis na Amurka, jarirai suka riƙa zufa sharkaf, da zazzaɓi da saurin numfashi, biyu suka rasu. Da aka bincika, sai aka tarar ana ɗauraye nafkin da zannuwansu da wani magani mai ɗauke da sodiyam fentakulorofenet, wato gishirin wani fenol mai kulorin biyar. Ya zauna a zaren tufa, ya ratsa fatarsu. A 1972 a Faransa, hodar jarirai da aka yi kuskuren zuba wa heksakulorofin kusan kashi 6 cikin ɗari ta kashe yara 36. A shekarun 1970 kuma an ga yawaitar shawara a ɗakunan jarirai na wasu asibitocin Amurka da suke goge gadaje da maganin fenol mai kauri fiye da ƙa'ida. Dalilin ɗaya ne. Fatar jariri siririya ce, faɗinta kuma yana da yawa idan aka gwada da nauyinsa. Hanta ce ke kwance gubar fenol ta hanyar ɗaura masa wani sinadari don ƙoda ta fitar da shi, kuma wannan hanya ba ta gama nuna ba a hantar sabon haihuwa, ga shi ita ce hanyar da ke fitar da abin da ke kawo shawara. (Kyanwa ma tana da ƙarancin wannan hanya, shi ya sa takan kamu idan ta taka jiƙaƙƙen daɓe ta lashe ƙafarta.) Saboda haka ra'ayina a kan ɗiga waɗannan magunguna a ruwan wankan jariri ko na wankin tsummansa a bayyane yake: ruwa mai tsabta da sabulu mai laushi da shanya a rana sun wadatar. Cibiya kuma akwai maganinta na musamman, man kulohezidin da ake bayarwa a asibiti, wanda ba ɗan gidan fenol ba ne.

Haka abin yake ga mata. Daga shekarun 1920 aka shafe shekaru ana tallata wa matan Amurka ruwan kiresol don wanke gaba, likitoci suna karɓar waɗanda suka ƙone, wasu har suka rasa rai. Al'aura tana da ƙwayoyinta masu amfani da ke tsare ta, maganin da ba ya bambanta aboki da maƙiyi yakan kore su ya buɗe ƙofa ga ƙaiƙayi da ruwa. Maijego mai ɗinki ta tambayi ungozomar asibiti abin da za ta zauna a ciki, kada ta auna da ido.

Fenol bai bar asibiti gaba ɗaya ba, an dai tsare shi a inda ake iya auna shi. Yau daga man fetur ake yin sa, miliyoyin tan a shekara, kuma mafi yawansa roba da gam yake zama. A ɗakin magani muna haɗuwa da shi cikin ruwan kalamin da ake shafa wa mai ƙaiƙayi, rabin kashi ɗaya cikin ɗari, saboda yana kwantar da jijiyar fata. Likitan fiɗa yana allurar kashi 5 cikin mai ga wani nau'in basir don ya motse, yana kuma ɗiga mai ƙarfi a tushen farcen da ke shiga nama don kada ya sake tsirowa. Idan kana da mai ciwon suga a gida, shinshina kwalbar insulin ɗinsa. Wannan warin na fenol ne da kiresol, an sa su kaɗan don kada ƙwayoyin cuta su rayu a kwalbar da allura ke shiga kullum.

Saura abin da za ka yi idan tsautsayi ya faɗa, domin har yanzu ana juye waɗannan magunguna a gorar lemo ko ta ruwa, yaro ya ɗauka ya kurɓa. 'Yan giram kaɗan na tsantsar fenol sun isa su kashe babba. Na gida sun fi sauƙi, amma suna ƙona maƙogwaro, suna kumbura hanyar numfashi, suna sa magagi. Kada ka sa yaron amai, kada ka ɗura masa manja ko ruwan gishiri. Abin da ya ƙona hanya wajen shiga zai sake ƙona ta wajen fita, kuma yaron da ke magagi yana iya shaƙar aman ko man zuwa huhu, wanda sau da yawa shi ne ke kisa. Goge masa baki, kwantar da shi a gefensa, ka kai shi asibiti nan take ko da yana wasa, domin kumburin maƙogwaro yakan jinkirta sa'o'i. Idan a fata ya zuba, cire tufar da ta jiƙe, ka kwarara ruwa mai yawa na aƙalla minti 15, saboda ɗan ruwa kaɗan yakan baza shi ne kawai zuwa fata mai faɗi, kuma kada rashin jin zafi ya yaudare ka. Ido ma haka, ruwa mai gudana a buɗe. Ka tafi da kwalbar ta asali a hannunka, domin sunan sinadarin da ke jikinta da yawan da ya ragu a ciki su ne abu na farko da likita zai tambaya.